Neman kalma: me za mu kira "filta" ta injin babur da Hausa?

Mai sayar da kayan babur, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Iyayen gidanmu na gareji da malaman Hausa, kalma ɗaya nake son mu tsayar, ita ce filta. Mutum zai zo shago ya ce a ba shi filtar mai, alhali injin babur ɗin nashi bai ɗaukar wadda ake saye a canza. Wani kuma nashi na ɗauka, amma an ce mashi wankewa ake yi, sai ya yi ta wanke takarda da fetur. Abu uku ne daban-daban ke tsaftace baƙin mai a ƙananan injuna, mu kuma duk mun ce masu filta. Ina ganin kalmar matata ta dace. Me kuka gani?

Malamar Hausa, Daura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Matata tana da mai ita. Duk wanda ya ji "matatar mai" Kaduna zai tuna, ko ta Ɗangote, don haka rediyo da jaridu suka saba kiran inda ake tace ɗanyen mai. Abin tacewa na hannu mataci ne, irin na koko. Amma kafin mu sa suna, a bayyana mana yadda kowanne ke aiki. Ba a raɗa wa jariri suna ba a ganshi ba.

Tsohon bakanike, Ƙofar Marusa:
Gaskiyarki, Malama. To ga su.

Na farko wata 'yar raga ce ta ƙarfe da ke bakin inda famfon mai ke zuƙo mai daga ƙasan injin. Aikinta tare manyan abubuwa: ɓarɓashin fakin (takardar da ake sawa tsakanin murfi da injin don kar mai ya yoyo), guntun ƙarfe, tsakuwar da ta faɗa lokacin zuba mai. A injin samfurin CG125 da 'yan uwansa na Sin da suka cika gari, tana bayan babban murfin nan da ake kwancewa da sifana lamba 24 a gefen hagu ta ƙasa. Kana cire murfin, sifirin zai biyo, sannan ragar, siffarta kamar 'yar hula da roba a baki. A roba-roba kuwa falle ce, tana cikin injin, sai an cire murfin gefen kuloci ake kai mata. Wannan ba a canza ta sai ta yage. Wankewa ake yi da kananzir, a bar ta ta bushe, a mayar.

Na biyu ita ce ta takarda mai ninki-ninki, wadda wasu sababbin babura ke da ita a bayan ɗan murfi mai ƙananan notuna. Ita ke kama ƙananan datti da ido bai gani. Ba a wanke ta. Dattin ya shige cikin jikin takardar, fetur bai fitar da shi, sai dai ya sa takardar ta yi laushi ta yage. A yar, a sa sabuwa, tare da zoben robarta.

Na uku shi ne wanda masu babur da yawa ba su ma san da shi ba. Wani ɗan kofi ne na ƙarfe a bakin karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, bayan murfin dama. Babu raga a cikinsa, babu takarda, babu komai. Yana juyawa tare da injin, mai na ratsa cikinsa, sai juyin ya watsa duk abin da ya fi mai nauyi ya manne a bangon kofin, man ya wuce ta tsakiya. In ka buɗe na babur ɗin da ya daɗe ba a taɓa ba, za ka tarar da baƙar laka ta daskare a zagaye, da tauri kamar busasshen kwalli, sai an kankare da bakin sukundireba. In kofin ya cika, ba sauran wurin da datti zai zauna, sai ya bi mai ya tafi boris ɗin kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf. Daga nan ƙarar ƙwas-ƙwas ke farawa, a ce injin ya buga, a ɗora laifin a kan baƙin mai.

Malamar Hausa, Daura:
Madalla, Baba. Biyun farko ba su da wahala. Ta farko rariya ce sak, irin ta tankaɗe: ramuka ne da ido ke gani, kuma in ta toshe kakkaɓewa ake yi ba yarwa ba. Sai mu ce rariyar mai. Ta biyu mataci ne, domin mai na ratsa jikinsa yadda gasara ke ratsa ƙyalle: matacin takarda. Sunan ma kaɗai ya isa ya hana mutum wanke shi, don kowa ya san abin da ruwa ke yi wa takarda.

Ɗan kabu-kabu, hanyar Mashi:
Malama, a nan ai rariya magudanar ruwa ce ma, wasu kuma lungu suke nufi. Ba za a rikice ba?

Malamar Hausa, Daura:
Ba za a rikice ba, ƙanena. Wanda ke tsugune gaban injin da sifana a hannu aka ce mashi wanke rariyar mai, ba zai nufi kwata ba. Na ukun ne ke neman tunani, tunda shi ba tacewa yake yi ba ko kaɗan.

Malamin koyar da gyaran injuna, Katsina:
Ni majaujawa nake gani. Yaro mai tsaron gona na wulwula ta ne dutsen ya yi waje, haka kofin nan ke wulwula mai dattin ya yi waje. Ma'anar sunansa na Turanci, centrifugal, ke nan, gudu daga tsakiya.

Tsohon bakanike, Ƙofar Marusa:
Malam, majaujawa jifa take yi, abin ya tafi. Wanga kofi ajiyewa yake yi. In ka ce wa yaron gareji majaujawa, zai ɗauka tana jefar da dattin wani wuri, ba ruwanshi da ita. Ni sunan da zai sa a tuna ana buɗewa a kwashe nake so.

Malamar Hausa, Daura:
To ku zo madafa. Mace in za ta raba gero ko shinkafa da tsakuwa, ba rariya take ɗauka ba, don tsakuwar da ƙwayar girmansu ɗaya. Ƙwarya take samu da ruwa, ta riƙa juyawa a hankali tana tsiyaye hatsin, mai nauyi ya kwanta a gindi. Wannan shi ne regewa. Kuma duk wadda ta rege ta san in ta gama sai ta zubar da abin da ya kwanta ta ɗauraye ƙwaryar. Daga tace muka sami mataci, daga buɗe muka sami mabuɗi, daga rege sai mu sami maregi. Maregin mai.

Malamin koyar da gyaran injuna, Katsina:
Na janye tawa. A ƙwarya nauyi ne ke jan tsakuwa ƙasa, a kofin juyi ne ke tura datti gefe, amma asalin aikin ɗaya ne, rabawa da nauyi ba da rami ba. Maregi ta fi. Littattafan irin waɗannan injuna kan sa buɗe shi a wajen kilomita 12,000, kuma a tanadi sabon fakin murfin dama kafin a fara, don tsohon kan yage wurin cirewa.

Mai sayar da kayan babur, Ƙofar Ƙaura:
Alhamdu lillahi, uku sun samu. Tunda an zauna, akwai biskositi, wadda lambobin jikin galan ke nunawa. Masu saye kan ɗiga man a yatsa su murza su ce wanga ya fi yauƙi, wancan ya fi danƙo. Wacce ce daidai?

Malamar Hausa, Daura:
Uku ne su ma, kuma ba ɗaya ba ne. Yauƙi na kuɓewa ne da karkashi, abin da ke jan zare. Danƙo na ƙaro ne, abin da ke manne wa hannu. Kauri na kunu ne da zuma, wato nawar abu wurin kwarara, kishiyarsa tsinkewa. In abin da ake aunawa saurin gudana ne, kauri ne.

Malamin koyar da gyaran injuna, Katsina:
Shi ne kuwa. Zumar ma ta isa misali: da asubar hunturu da ƙyar take fita daga kwalba, in ta sha rana ta tsinke. Haka baƙin mai. A 20W-50, lambar farko mai W na nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, in ta yi ƙasa ya fi saurin kaiwa kan injin da an tayar. Ta biyu kaurinsa ce a zafin digiri 100. Sai mu ce lambar sanyi da lambar zafi, su biyun lambar kauri.

Injinanmu iska ke sanyaya su, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Katsina, ga cunkoso, ga lodi. Shi ya sa 20W-50 ya karɓu a nan. Amma ba dokar kowane babur ba ce. Akwai waɗanda kamfaninsu ya rubuta 10W-30 ko 10W-40, saboda hanyoyin mai na cikinsu matsattsu ne, mai kauri sosai zai makara kafin ya isa sama. Abin da littafin babur ɗin ya ce shi ne gaba. Murzawa a yatsa kuwa ba ta nuna komai, don yatsa bai kai zafin injin ba, kuma jabun mai ma ana iya sa mashi abin da zai ja zare. A duba hatimin murfi, a guji man awo da ba a san galan ɗin da ya fito ba.

Abin da ya fi kauri muhimmanci a wurina shi ne rubutun JASO MA ko MA2 a bayan robar man. Ƙa'idar Japan ce da aka fito da ita a 1998 musamman don babura. A babur mai giya, mai ɗaya ne ke wanke fistin da giya da faifan kuloci, su ukun a ɗaki ɗaya. Man mota da yawa an ƙara masu sinadarin santsi don rage shan fetur, shi kuma kuloci kamu yake so. In an zuba irin wannan, za ka ji injin na kuka babur bai gaba, musamman a hawa ko da goyo biyu, har faifan su ƙone. MB na babura marasa giyar ƙafa ne masu busasshen kuloci. 2T kuma na injin da ake haɗa wa mai da fetur ne, ba ya shiga inda aka ce 4T, wato irin injinan nan da mansu ke zaune daban da fetur.

Ɗan kabu-kabu, hanyar Mashi:
Baba, a yi mana juye ɗaya da sababbin sunayen mu ji ko sun zauna a baki.

Tsohon bakanike, Ƙofar Marusa:
To. A tayar da injin minti 3 zuwa 5, ya yi ɗumi ba zafin ƙuna ba, don man ya tsinke ya ɗauko dattin da ya kwanta. A kashe, a tsayar da babur a kan ƙafa biyu a wuri mai daidai. A goge kewayen geji, wato tsinken auna mai, da notin juye da tsumma kafin a kwance komai, balle lokacin hazo. A tara kwano, a cire geji, a kwance noti, lamba 17 ne a roba-roba. In ya daina zuba a karkata babur ɗin dama da hagu, a buga kik sau biyu ko uku makulli a kashe.

Kar a hura iskar mai faci a ciki, tana ɗauke da ruwa da ƙura. Kar a ɗauraye injin da fetur, ragowarsa zai tsinka sabon man.

Kafin a kawar da kwanon a duba shi a rana. In man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireto na yoyo zuwa ciki, a riƙa rufe famfon tanki da dare. In ana ganin ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe, wani abu na cin ɗan uwansa, a buɗe maregi a gani.

A wanke rariyar mai, a mayar da ita yadda ta fito, bakin roba ya shiga ciki, sifirin a bayanta. In akwai matacin takarda a sa sabo, a shafa wa zoben robar ɗan mai. A duba washar noti, in ta baje a canza. A fara ɗaura notin da yatsu, sai ya zauna sannan a sa sifana a ɗan ƙara. Jikin injin alminiyon ne, notin ƙarfe, in an danna da ƙarfi zaren injin ke tafiya ba na notin ba.

Roba-roba kan ɗauki abin da bai kai lita ba, wajen 0.8, manyan kuma kusan lita ɗaya, kuma galibi an rubuta adadin a jikin murfi kusa da geji. Kar a juye robar man duka wai don gudun asara. Mai in ya yi yawa karanshaf na kaɗa shi ya yi kumfa, ya bi bututun numfashi ya jiƙa iyakilina, wato filtar iska, ya tsattsafo ta sil. A tayar minti biyu, a kashe, a jira minti biyu, a goge geji a ɗora shi a baki ba tare da murzawa ba in samfurin Honda ne. Mai tagar gilashi kuma man ya tsaya tsakanin layi biyu.

Ɗan kabu-kabu, hanyar Mashi:
Sun zauna. Saura tazara. Mai zuwa Daura ya dawo kullum fa?

Malamin koyar da gyaran injuna, Katsina:
Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, cikin kwana goma an ci 1,600. Da man gama-gari da ƙurar hanyoyinmu, shawarata kar a wuce 1,500 zuwa 2,000, wato kwana goma zuwa sha biyu a wurinka. Sabon babur ko wanda aka yi wa ringi, juyen farko a 500. Geji kuma kowace safiya kafin a tayar, don injin da ke ɗaukar lita ɗaya in ya sha kofi guda ya rasa kusan kwata.

Mai sayar da kayan babur, Ƙofar Ƙaura:
Iyakilina fa, Malama? Ita ma filta ake ce mata.

Malamar Hausa, Daura:
Matacin iska, Alhaji. In na soso ne a ce matacin soso, in na takarda ne a faɗi haka.

Tsohon bakanike, Ƙofar Marusa:
Na soso a wanke da kananzir, a matse ba a murɗe ba, a ɗiga mashi baƙin mai kaɗan a sake matsewa. Na takarda a canza. Daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙa duba shi duk sati, don ƙurar da ta wuce shi a cikin maregi za a same ta.