Wake buhu 200: a kulle a mangaza ko a sayar tun kaka?

Magatakardan Ƙungiya, Madarunfa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙungiyar manoma ce mai mambobi sittin da ɗoriya, maza da mata, kuma bana ana sa ran tara buhu 200 na wake, masu kilo ɗari-ɗari. Kai ya rabu uku. Wasu na son a sayar yanzu kowa ya karɓi kuɗinsa. Wasu na son a kulle a mangaza a karɓi bashi a kai, a buɗe cikin Afrilu ko Mayu. Ga kuma wani babban ɗan kasuwa daga Maraɗi da ya yi tayin kwashe duka da ƙarin dala ɗari (sefa 500) bisa farashin kasuwa a kowane buhu, kuɗi hannu, da sharaɗin baɗi ma shi za a fara yi wa tayi.

Abin da ya sa muke jan ƙafa shi ne maganar hana fitar da abinci waje. Idan aka kulle wake wata shida kuma hanyar Nijeriya ba ta buɗe masa ba, wa zai saya? Sannan shawarar nan ta shafi shukar baɗi: a ƙara filin wake ko a koma ga hatsi? Masana a taimaka da lissafi.

Tsohon Ma'auni

Wa alaikumus salam Malam Magatakarda. Ku fara da sanin farashin da in ba a kai shi ba kun yi asara. Alƙaluman nan misali ne, ku sauya su da na kasuwarku.

A ce buhu jika 25 ne a kaka, wato sefa 25,000. Asusun ba da bashi ba ya ba da cikakken darajar kaya, a ce ya ba ku kashi 70 cikin ɗari, wato 17,500 a kan kowane buhu. Ƙa'idar BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, tun 2014 ta tsayar da iyakar ruwan ƙananan asusai a kashi 24 cikin ɗari a shekara, to mu ɗauki kashi 2 a wata. Wata shida ya ba da 2,100. Buhu mai leda biyu a ciki, a ce 1,200. Hayar mangaza da mai gadi, 100 a wata, 600 ke nan. Dako, lodi da sauka, 400. Wake zai ƙara bushewa ya rage nauyi, ga wanda zai zube wurin awo, ku sa kilo biyu, 500. Duka 4,800. Ma'ana sai buhu ya kai 29,800 ranar buɗe mangaza kafin ku dawo daidai da wanda ya sayar tun Nuwamba ya tafi harkarsa. Farashi sai ya hau da kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin a fara zancen riba.

A shekarar da hanya ke buɗe, waken Maraɗi yakan wuce wannan, don ba mu ne manyan masu cinsa ba. Nijar na cikin manyan masu noman wake a duniya, bayan Nijeriya, amma mafi yawansa kudu yake tafiya, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga can Dawanau a Kano. Farashin da kuke gani a Tasawa ko Mayahi a can ake yanka shi. Abu biyu ke motsa shi: ko iyaka a buɗe take, da kuma ƙarfin naira a gaban sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, ita kuwa naira tun Yunin 2023 aka sake ta ga kasuwa. Duk lokacin da naira ta faɗi, ɗan Dawanau sai ya ƙirga naira mai yawa kafin ya sayi buhu guda a nan, sai ya rage saye ko ya karya farashi, ko da iyaka a buɗe take wayam.

Shi kuma Alhajin da ya yi tayi, ba laifi ya yi ba, amma ku karanta tayin. Wanda ya ƙara dala ɗari a kaka yana ganin abin da ya fi dala ɗari a bazara, ko yana da mai saye da ya riga ya shirya da shi. Ƙarin kuɗin ba shi ne abin dubawa ba, sharaɗin baɗi ne. In kun amince, a rubuta cewa zai saya a farashin kasuwar ranar da aka auna, da ma'aunin da kowa ya gani, kuma in bai biya cikin kwana uku ba kuna da damar sayar wa wani. In babu wannan a takarda, kun ba shi amfanin gonar baɗi kafin a yi shuka.

Hajiya Mai Lissafi

Malam Tsohon Ma'auni ya yi lissafin buhu, ni bari in yi na mutane. Rabuwar kai uku da Magatakarda ya faɗa ba rashin fahimta ba ce. Mai cewa a sayar yanzu yawanci yana da bashin damana da ya yi alkawarin biya a kaka, ko kuɗin makaranta na Oktoba, ko auren ɗiya. Mai cewa a kulle yana da hatsi a rumbu da zai kai shi damana. Macen da ta noma wakenta a gamana kuwa, buhu ɗaya ko biyu ne jarinta na kiwon tumaki, in aka kulle shi ta rasa lokacin sayen ƴan raguna da arha.

Don haka kada a kaɗa ƙuri'a a tilasta wa kowa hanya ɗaya. A buɗe rajista: kowane buhu da sunan mai shi, da nauyinsa, da zaɓinsa. Wanda ke so ya sayar, a haɗa nasu a sayar a dunƙule, ko wannan ma ya fi sayar da tiya-tiya ga masu bi ƙauye. Wanda ke so ya ajiye ya sa hannu cewa riba tasa ce, asara ma tasa ce. Inda ƙungiyoyi ke fashewa shi ne a zuba kayan kowa wuri ɗaya ba suna, farashi ya faɗi, sai mai buhu biyu ya ce masu buhu ashirin ne suka ja shi.

Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa bashi mai ruwa ba saboda addini, kuma a Maraɗi ba kaɗan ba ne. Ana iya ajiya ba bashi, mutum ya biya kuɗin mangaza kawai. Lissafinsa ma ya fi sauƙi, don 2,100 ɗin nan ya fita.

Ɗan Tarna

Ina so a fahimci ɓangaren hukuma, don shi ne ba ku da iko a kai. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da shinkafa, hatsi, dawa, masara da wake, in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba. Dalilin a fili yake: abinci ya yi tsada a birane, ana so kaya su tsaya cikin ƙasa farashi ya sauka. Mai albashi a Yamai da mai saye da tiya a unguwannin Maraɗi sun amfana. Mai wake a mangaza shi ya biya. Ba wai an nufe shi da sharri ba ne. Hukuma tana auna mai saye da mai sayarwa, kuma a bazara yawancin manoma ma masu saye ne, tunda rumbu ya ƙare.

Wanda ya san yunwar 2005 ya san daga ina wannan tsoro ya fito. Maraɗi ce rumbun ƙasa, amma a nan ne aka fi ganin yara masu tamowa a cibiyoyin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Mutane sun sayar da arha a kaka, farashi ya hau a Nijeriya ya ja kaya, lokacin da suka koma saye hatsi ya fi ƙarfinsu. Duk gwamnatin da ta zo bayan nan tana kallon farashin buhu a watan Yuni kamar yadda likita ke kallon zazzaɓi. Shi ya sa OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, ke fitar da hatsi a farashi mai rahusa a lokacin da ƴan ajiya ke jiran tsada.

Kurena ga dokar ɗaya ne: sa wake cikin jeri guda da hatsi. Hatsi abincin gida ne, wake kuɗin gida ne. Da kuɗin wake manomi ke sayen hatsin da gonarsa ta gaza ba shi. In ka karya farashin wake ka rage masa abin saye, kuma baɗi ya rage filin, ƙasa ta rasa takin da wake ke bar mata, dabbobi su rasa harawa. Mali da Burkina kuwa suna noman nasu waken, ba za su maye gurbin Kano ba.

Kuma ba daga gefenmu kaɗai ƙofa ke rufuwa ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 don kare masu noman shinkafarta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanya, sai a Fabrairun 2024 aka ɗage. Cikin shekara shida an samu tsaiko sau uku, kowanne da dalilinsa, babu wanda aka yi shawara da mai wake kafin a yi. Saboda haka ku ɗauki rufewar hanya a matsayin abin da ke faruwa, ku sa shi cikin lissafi. Kafin ku yi ciniki da duk wanda zai ƙetara da kaya, ku je ofishin kasuwanci na jiha ku ga takardar da ke aiki a ranar, kada ku dogara da labarin tasha. Masu cewa ai ana bi ta daji da babur, su tuna cewa in duwan ta kama kaya, ƙungiya mai rajista ce za ta amsa, ba ɗan babur ba.

Tsohon Ma'auni

Na yarda da mafi yawa, sai dai kada a ɗora komai a kan hukuma. Mu ƴan kasuwa ma in mun ji ƙishin-ƙishin za a hana fitarwa, mukan karya farashi a ƙauye tun kafin takarda ta fito, wani lokaci fiye da yadda dokar kanta za ta karya shi. Mai babban sito yana iya jiran wata tara, ƙungiya mai bashi ba ta iya wuce ranar biya. Shi ya sa nake cewa ku nemi asusu ya rubuta muku damar sayarwa kashi-kashi, ana biyan bashi da kowane kashi, maimakon rana ɗaya da kowa a kasuwa ya san za ku buɗe ƙofa. Ku riƙa bin farashin kasuwanni da SIMA, ofishin bin farashin kayan gona, ke fitarwa, ku kwatanta da abin da dillali ya faɗa muku.

Zancen jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021, kada ya shiga lissafin bana. Ko ya iso, layin dogo yana rage kuɗin mota ne, ba ya ɗage doka.

Magatakardan Ƙungiya, Madarunfa

Allah ya saka da alheri. In na fahimta, a raba kayan. To wanda za a ajiye, yaya za a yi kada ƙwari su cinye shi? Kuma shukar baɗi fa?

Malamar Gona

Malam, ajiyar wake a bushewa take farawa. A shanya har ƙwaya ta fashe ƙas a haƙori. Gwaji mai sauƙi: a zuba busasshen gishiri da ɗan wake cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar shi minti goma sha biyar. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima. A sheƙe ƙaiƙayi da tsakuwa da karan da zai huda leda, kuma a bar waken ya huce a inuwa kafin a zuba, don mai zafi yana yin gumi a ciki.

Buhun PICS, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a ji ko iska na fita. A zuba a hankali, a matse iska, a murɗe bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Masu ɗaure ukun da igiya ɗaya su ne ke cewa buhun ba ya aiki. Ƙwari na mutuwa ne don iska ta ƙare musu, ba a sa magani ko kaɗan, kuma duk buɗewa don leƙawa tana mayar da aikin baya. Kada a jefa ƙwayar Phostoxin a ɗakin da mutane ke kwana kusa, tana kisa. A jera buhuna kan katako, a bar taku ɗaya tsakaninsu da bango saboda ɓera da gara. Ƙofa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusu, a riƙa zagayawa tare duk wata ana duba huji.

Da ni ce, kashi ɗaya cikin uku a sayar yanzu don masu buƙata, sauran a ajiye a fitar sau biyu, a kuma ware iri tun yau a buhunsa daban da sunan irin a jiki, ko TN5-78 ne ko IT90, kada a gauraya.

Game da baɗi, kada kowa ya rage hatsi ƙasa da abin da gidansa ke ci. A ƙidaya bakuna, a ƙidaya damman da suka kai gidan damana a shekara matsakaiciya, wannan filin ba a taɓa shi. Abin da ya saura a raba tsakanin wake da wani abin da dokar Oktoban 2024 ba ta lissafa ba, kamar riɗi, aya ko gujiya, gwargwadon ƙasar kowa. Waken kuma a zaɓi irin da ke ba da ƙwaya da harawa tare, don harawa a nan gida ake sayar da ita ga masu kiwon ragunan layya, ba ta jiran iyaka. A yanke ta da sauran ganye kore, a ɗaure, a ɗora bisa rumfa kafin raɓa da rana su zubar da ganyen.