Ejan inshorar mota ya ce in na nemi diyya rangwamena ya tafi, in gyara da kuɗina ne?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Masu sani ku taimaka, kaina ya kulle. Motata Corolla ce, ta hannun ƙungiyar adashin ofishinmu na ciro ta, ana yankar albashi duk wata, kuma su suka ce dole a yi mata babbar inshora, mai ɗaukar gyaran motar ita kanta, har sai an gama biya. Da son raina ne ƙaramar nan ta dubu 15, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, zan yi in huta. Asali ma Sienna na so saboda yara, uwargida ta ce mai zai cinye albashin, muka kwana biyu ba ma magana, yanzu ga shi ita ke da gaskiya. An yi wa motar kuɗi naira miliyan 9, bana na biya 540,000 kuɗin inshora. Ejan, wato wakilin kamfanin inshorar, ya ce in shekara ta zagayo ban nemi diyyar komai ba, za a yi min rangwame a mayar da ni 450,000. To ranar Asabar aka daki bayan wata Hilux wajen Gadar Lado. Bamba ta fashe, fitilar dama ta tafi, bonet ya lanƙwashe, lagireto na yoyo. Mai gyara ya zagaya Ƙofar Ruwa ya kawo lissafin 620,000 har da fenti. Na kira ejan ya ce, "Alhaji in ka nemi diyya rangwamenka ya tafi, kuɗin baɗi kuma sai ya hau." Saura wata biyu a sabunta. Yaya zan yi?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Allah Ya kiyaye gaba. Ƙanena gyara abinka ka huta. Lokacin da aka fasa min gilashin gaba, sai da na yi ta safa da marwa, yau a ce kawo hoto, gobe a ce kawo lasin, jibi a ce mai sa hannu ya tafi Legas. Abin da na kashe a man mota ya kusa sayen gilashin. Amma ranar karɓar kuɗin shekara har shago suke biyo ni.

Kawu Mai Ritaya: Hajiya a yi haƙuri, wannan shawarar za ta sa shi asara. Na yi aiki a harkar nan har na yi furfura. Baban Khalifa ɗauko biro. Rangwamen da kake gadi nawa ne? 540,000 a cire 450,000, saura 90,000. Za ka fitar da 620,000 daga aljihu don ka tsare 90,000 ke nan. Ko da sun cire kason da ke wuyan mai mota a kowace diyya, wanda ke rubuce a takardarka, mu ƙaddara kashi 10 ne, har yanzu sama da 550,000 za su biya. Rangwamen kuma ba har abada yake tafiya ba, sake tara shi ake yi shekara bayan shekara. Ga abin da ejan bai gaya maka ba: tun 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ce kuɗin babbar inshora ba zai yi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar mota ba, bayan an cire duk wani rangwame. Kashi 5 na miliyan 9 shi ne 450,000 ɗin nan. Ka kai ƙasan rijiya ke nan, ko shekara goma ka yi ba ka goge ko madubi ba, ba za a sauko maka daga nan ba. A zamaninmu ne rangwame ke da nauyi, ya fara daga kashi 20 ya kai 50 a shekara ta biyar, domin a lokacin farashin tushe na da tsada.

Baban Khalifa: Na gode Kawu. Amma ejan nan maƙwabcinmu ne, sahu ɗaya muke sallah, ba zai cuce ni ba. Kuma ya ce ba rangwame kaɗai ba ne, suna iya ƙara min a kan 540,000 ɗin.

Kawu Mai Ritaya: Suna iya ƙarawa, musamman in laifin naka ne, wanda ya daki baya kuwa yawanci shi ake ɗora wa. Sai ka ce su rubuta maka nawa ne ƙarin, ka kwatanta da na wani kamfanin, amma in sabon ya tambaye ka tarihin haɗari ka faɗi gaskiya. Tsaya ma tukun. Ka ce "aka daki". Wa ya daka?

Direban Abuja: Ni dai tunda aka fara matsa wa mutane kan takardar inshora a watan Fabrairun 2025 ban huta ba. Wadda aka haɗa min da takardun mota ashe ta bogi ce, sai da aka duba lambata a NIID, rumbun bayanan inshora, aka ga babu ni. Kowa ya duba tasa kafin ya zo yana lissafin rangwame.

Baban Khalifa: Tawa ta gaske ce. Kawu, ƙanin uwargida ne ke tuƙi, ya kai yara Islamiyya. Yaro ne mai hankali, ya fi ni iya mota ma, mai Hilux ɗin ne ya taka birki ba gaira ba dalili.

Kawu Mai Ritaya: Ban tambayi hankalinsa ba. Yana da lasin mai rai? Takardarka ta yarda wani ya tuƙa da izininka, ko sunanka kaɗai ke ciki? Ka sanar da kamfanin a rubuce, ko hirar waya da maƙwabci kawai ka yi? Kuma kada mai gyara ya kwance ko ƙusa ɗaya kafin injiniyansu ya zo ya ga ɓarnar.

Direban Abuja: Ka ce kai ke tuƙi mana, wa ya gani?

Kawu Mai Ritaya: Mai Hilux ya gani. Ƙarya a takardar neman diyya tana rushe inshorar gaba ɗaya, ta kuma iya kai mutum gaban alƙali. Kada ka soma.

Malam na Tudun Wada: Ni tun farko wannan tsarin bai kwanta min ba. Ku koma takaful, inshorar tsarin Musulunci. Can gudunmawa ake zubawa a asusu ɗaya, in rara ta saura a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba.

Kawu Mai Ritaya: Malam, can ɗin ma wanda ya karɓi diyya ba ya shiga rabon rarar shekarar. Lissafin ɗaya ne, kuma motarsa yau take yoyo.

Baban Khalifa: Lasin ɗin yaron ana kan sabunta shi, takardar wucin gadi ce a hannunsa, sai na duba kwanan watan. Bamba kuma an riga an cire, don ba zan bar mota a titi ba, da me zan je aiki? Mai Hilux na ba shi 80,000 a wurin muka rabu lafiya, mutum ne babba, ba zan tsaya ana jiran 'yan sanda jama'a na kallonmu ba.

Kawu Mai Ritaya: Inna lillahi. Wannan 80,000 ɗin inshorarka ce ya kamata ta biya, ko ƙaramar ta dubu 15 tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3. Biyan da ka yi kuma amsa laifi ne ba da saninsu ba, takardun inshora sun hana hakan. Gobe da safe ka je ofishinsu da hotuna da tsohuwar bambar.

Hajiya Mai Atamfa: Ka gani ko? Tun bai je ba an fara lissafa masa laifuffuka. Haka za su yi maka a can.

Baban Khalifa: Hotuna biyu gare ni, yaron ne ya ɗauka, ɗaya ma bai fito sosai ba. Ejan ya ce in bari ya dawo daga tafiya ranar Alhamis mu zauna. Akwai wanda ya san inda ake samun fitilar Corolla ta Balejiyam da sauƙi? Mai gyara ya ce 95,000, ni kuwa ina ganin ya ɗora.