Buga littafin hotunan hawa: wa ya taɓa yi, ina kuka kai?

Ɗan Ƙofar Soro:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tarin hotunan hawan sallah na nan Katsina da na Sallar Gani a Daura, har da na Gobarau da rijiyar Kusugu, so nake in haɗa su littafi na gani na faɗa wanda za a aje ma jikoki. Kwafi 100 nake tunani. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mani yadda ta kaya.

Mai Kyamara Daura:
Wa alaikumus salam. Na yi na Gani bara, kuma wallahi kala ce ta fi ba ni ciwon kai. A kwamfuta jan rigar dogarai sai walƙiya yake, da aka buga ya dawo kamar ruwan goro, koren kuma ya mutu murus. Ita kwamfuta da haske take nuna maka, RGB, inji kuma da tawada huɗu yake bugawa, CMYK, ba kowace kala yake iya kamowa ba. Abin da ya fi ƙona mani rai fuskokin mahaya da ke ƙarƙashin inuwar rawani, duk sun toshe baƙi ƙirin, ido ma ba ka gani. Kafin ka ba da ko sisi ka sa su buga maka gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aikin, ka zaɓi hotunan da suka fi wuya, farin rawani cikin rana tsaka da na yamma lis, ka fita da shi waje ka duba.

Maman Khairat:
Yaya ni ta ɗauri, wato yadda ake haɗa shafukan littafin, zan yi maka magana. Na buga na hotunan marigayi babanmu, Allah Ya jiƙan shi, bugun ya yi kyau ba laifi amma da gam suka manne shi, zafin nan namu na bazara ya buge shi a mota shafukan tsakiya suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, na yi kuka ranar. Takarda mai kauri mai santsi gam ba ya riƙe ta sosai. Ka ce ɗinkin zare kake so da bango mai tauri. Kuma hoton da ya ci shafi biyu ka lura kar fuskar mutum ko kan doki ya faɗa tsakiya, namu haka ya haɗiye fuskar kawu.

Baba Mai Ɗab'i:
Ɗana, kwafi 100 dijital za ka yi, wato bugun da inji ke yi kai tsaye daga kwamfuta. Ofset, bugun babban inji, sai an yi feleti huɗu, wato farantan ƙarfe masu ɗaukar tawada, ga kowace fuskar babbar takarda, kuɗin nan ko kwafi goma za ka buga sai ka biya shi, don haka ba ya riba sai aiki ya kai ɗaruruwa. Hotuna ka kawo na asali a filash, 300 dpi (yawan ɗigon hoto a kowane inci) a girman da za su fito, kar ka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, matse su yake yi sannan a zo ana zagin inji. Takarda mai nauyin giram 150 ko 170 a murabba'in mita, ni na fi son marar sheƙi don mai sheƙi tana kama shatin yatsa. Hoton da zai cika shafi a bar mashi rarar milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka. In ɗinki ne, adadin shafi ya rabu da 8 ko 16.

Abban Sadiq:
Ni Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, na kai nawa ta hannun wani, aiki ya fito tsaf, sai dai kwalayen da suka iso tasha kusurwar littafi da yawa ta lotse kuma ba wanda ya ɗau asarar. Da yau ne Kano ko Kaduna zan je in tsaya kan inji da kaina in ga shafin farko. In sayarwa za ka yi ka nemi ISBN, lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa tun kafin a tsara bango.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba yawancin hotunan a kwance na ɗauke su saboda jerin dawaki, in na yi littafin a kwance kuɗin zai ƙaru ne?

Baba Mai Ɗab'i:
Yakan ƙaru, ya danganta da yadda girman ya zauna kan takarda, in yanka ya bar rara da yawa kai za ka biya ta. Faɗa mani tsawo da faɗin da kake so in lissafa maka.