Kwamfutar cinya za ta iya lissafin kwantam na gaske a Damagaram?

Musa, Zango:
Assalamu alaikum. Jiya a fada, muna kan shayi na biyu, wani abokina ya ce in canza batun da na zaɓa na kammala karatu. Ina so in lissafa yadda ƙwayar kwantam, wato ƙanƙanuwar ƙwaya irin zarra, ke rasa yanayinta idan muhalli ya taɓa ta, ko zafi ne ko haske. Ya ce aikin masu manyan na'urori ne a Turai, mai kwamfutar cinya a Damagaram ɓata shekararsa kawai zai yi. Na kwana ban yi barci ba. Malamai da yayye, me kuka gani?

Ibrahim, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Da zarar muhalli ya shigo lissafi, jadawalin lambobi ake ajiyewa a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma kowane kubit (ƙwayar kwantam mai yanayi biyu) da ka ƙara sai jadawalin ya ninka sau huɗu. Kubit 10 na cin megabait 16. Kubit 14, gigabait 4. A 15 ka kai gigabait 16, jadawali ɗaya tak, ba ka ma fara juya shi ba. Ga zafin Afrilu da Mayu, ga kuran, wato wutar lantarki, da ke tafiya ba sallama. Na taɓa barin wani lissafi ya kwana, da asuba na tarar baturi ya mutu, komi ya tafi.

Malama Hadiza:
Malam Ibrahim, alkalumanka daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Wa ya ce sai da kubit 15 ake bincike? Manhajar QuTiP, wadda Johansson da Nation suka wallafa a 2012 tare da Franco Nori na cibiyar RIKEN a Japan, kyauta ce, da harshen kwamfuta na Python take aiki. Ƙwayar zarra ɗaya tsakanin madubai biyu, ko kubit biyu da ke rasa haɗinsu, kafin ruwan butar shayi ya tafasa ka ga sakamako.

Kuma ninkin huɗun nan yana da mafita. A 1992 Dalibard da Castin da Mølmer suka kawo hanyar tsalle-tsalle: ka bi ƙwayar a tafiya ɗaya, kana jefa ƙuri'a kan lokacin da muhalli zai buge ta, ka maimaita sau ɗaruruwa, ka ɗauki matsakaici. A nan ninkin biyu ne, kubit 20 megabait 16 kawai. Kuɗinta lokaci ne, don kafin ka rage kuskure da rabi sai ka ninka tafiyoyin sau huɗu. Amma kowace tafiya zaman kanta take. Ka ajiye hamsin, kuran ya tafi, ya dawo ka ɗora. Kamar don mu aka yi ta.

Malam Abdu, Birni:
Ku duka biyu kuna auna buhu, ba wanda ya duba hatsin da ke ciki. Musa, ɗana, abin da nake ji maka tsoro shi ne manhajar ba ta musu. Lissafin Lindblad na 1976, wanda yawancin ɗalibai ke fara kira, an gina shi kan sharaɗi: muhalli ya taɓa ƙwayar a hankali, kuma ya manta nan take. Jefa tsakuwa a tafki da damina, igiyar ruwan ta tafi ba ta dawowa. Jefa ta a ƙwarya, ta bugi baki ta komo maka. Akwai muhallin da ƙwarya ne. Ka ba shi lissafin tafki, kwamfuta za ta zana maka layi mai kyau sumul, kuma ƙarya ne. Na ga ɗalibi ya kawo mini irin wannan zane yana murna, wata uku ya yi a kansa. Da na tambaye shi tsawon lokacin da muhallinsa ke tunawa, ya yi shiru. Har yau abin yana damuna, don laifinmu ne masu koyarwa.

Ibrahim, Sabon Gari:
Allah ya ƙara girma, Malam, ai ka dawo kan maganata. Muhalli mai tunawa sai hanya irin ta Tanimura da Kubo ta 1989, mai jadawalai hawa-hawa, kuma ita ce ke cinye ƙwaƙwalwar na'ura, musamman idan sanyi ya yi ƙasa sosai.

Malama Hadiza:
A sanyi mai tsanani, na ba ka. Amma dubi aikin Ishizaki da Fleming na 2009 kan yadda makamashin haske ke ratsa wani furotin na ƙwayoyin bakteriya masu cin hasken rana. Wurare bakwai ne, jadawali bakwai sau bakwai. A hanya mafi sauƙi, hawa huɗu na ba da jadawalai 330, lambobi dubu 16 da 'yan kai. Wayar hannunka ma ta ɗauki wannan. Hanyar tana cikin QuTiP.

Ibrahim, Sabon Gari:
Kai ta hawa goma ki ga sun wuce dubu 19. Ni dai ina nan kan bakana: koyo zai yiwu a nan, gogayya da masu manyan na'urori kuwa da sauran tafiya.

Musa, Zango:
Na gode, Allah ya saka. Ga abin da zan kai wa malamina ranar Litinin: kubit ɗaya, muhalli ɗaya, in lissafa da Lindblad, in sake da ta hawa-hawa, ina ƙara ƙarfin taɓawar sannu sannu har in ga inda layukan biyu suka rabu. Malam Abdu, idan na samu zanen farko, zan iya kawo maka gida bayan la'asar ka duba mini?

Malam Abdu, Birni:
Ka zo. Ka taho da takarda da biro, za mu fara da hannu kafin ka kunna na'urar.