Abin da Na Tsinta a Hirar Zuma, Zogale da Kayan Ƙwalama

Ranar Asabar bayan La'asar muka haɗu a gidan yayarmu a Gwammaja, hira ta gangaro kan abubuwan da muke saya don ƙarin lafiya.

Zuma ce ta fi cin lokaci. Wata ta ce duk wadda ta daskare jabu ce. Inna ta ce a'a, ta gaskiya ma takan yi tsaki-tsaki, musamman da hunturu, kuma gwajin ashana ba abin dogaro ba ne. Gara a samu mai sayarwa amintacce a riƙe shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne gargaɗin ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya: kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, domin takan ɗauko ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Da yawanmu mun saba yi.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuwa, in an ga fumfuna ko an ji ɗaci, a zubar. Dafin fumfunar yana illata hanta, suya ba ta kawar da shi. A Kasuwar Rimi a ɓare 'yan ƙwayoyi a duba kafin a auna.

Zogale a shanya shi a inuwa, ya fi riƙe korensa. Dabino a tsaga a leƙa ciki.

Na kwalba, kamar man habbatus sauda, a duba lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da ranar lalacewa. Mai juna biyu, mai ciwon suga ko hawan jini ta fara tambayar likita, kada ta ajiye maganin asibiti saboda su.