Malam ya koya wa ɗalibai kamfe, an hana shi

Malamin aji: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Ina koyar da darasin gwamnati a aji biyu na babbar sakandare. Zaɓen monita ya zo, sai na raba yaran jam'iyya biyu: kowane ɗan takara ya rubuta manufofinsa, ya naɗa wakilin akwati, ya kawo lissafin abin da ya kashe. Na nuna musu dokar zaɓe ta 2022 ta ce a buɗe kamfe kwana 150 kafin zaɓe, a rufe awa 24 kafin ranar ƙuri'a, kuma mai neman gwamna kada ya kashe sama da naira biliyan 1. Uba ɗaya ya kai ƙara, shugaban makaranta ya ce in daina. Yaran nan fa saura ƙiris su cika 18 su yanki katin zaɓe. In ba mu koya musu a aji ba, 'yan jagaliya za su koya musu a bakin titi.

Ɗan jam'iyya: Malam, su waye 'yan jagaliyar? Ni nake liƙa fosta a mazaɓarmu, ni nake bi gida gida, ranar zaɓe ni nake kwana a wurin tattara sakamako. Ni ma ɗan jagaliya ne ke nan?

Hajiya: Ɗan nan, wa ya kama sunanka? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗan jam'iyya: Hajiya, da girmanki. Atamfar da aka raba a layinku da taliyar, ai ban ga an dawo da su ba.

Hajiya: Na karɓa, haƙƙina ne, kuma wanda raina ya so na dangwala wa.

Baba: Ku tsaya. Jagaliya daban, daba daban. Ɗan daba makami yake ɗauka. Ɗan jagaliya kuwa motar ɗan takara yake bi yana ihu a watso masa kuɗi. Mu a jam'iyyar PRP, lokacin Malam Aminu Kano, da kuɗinmu muke sayen katin jam'iyya, ba a san wannan ba.

Ɗan jam'iyya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC ake da 'yan banga. PRP ɗin ma ba ita ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo ba?

Baba: Kai ko haihuwarka ba a yi ba. Wannan rabuwa ta aƙida ce, ba ta rabon kuɗi ba.

Mutumin Gombe: Mu a nan kalare muke cewa.

Baba: Kalare daba ce, kada ka haɗa mana.

Mutumin Gombe: To ku Kanawa kuka fi kowa sanin daba ai.

Ɗalibar jami'a: Don Allah mu koma kan maganar Malam. Tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya neman majalisar wakilai. Yaron da ke aji biyu yau, nan da shekara tara ɗan takara ne. Ina zai koya?

Ɗan jam'iyya: Ni dai Malam ya faɗa mana, wace irin hula yaran suka sa ranar kamfen?

Malamin aji: Kayan makaranta suka sa! Ni ba ni da jam'iyya.

Hajiya: Babu malamin da ba shi da jam'iyya, ɗana.

Shugaban zaure: To, dare ya yi, na rufe. Abin da aka tsayar: Malam ya yi kuskure da ya kira masu hidimar jam'iyya 'yan jagaliya, ya kamata ya janye. Ni ma na yi wakilin akwati a 2023, na san wahalar da ake sha, ko ruwa ba a kawo mana ba sai la'asar. Baba da mutumin Gombe ku ƙarasa taku a waya. Maganar makaranta kuma, shugabanta ya fi mu sanin dalilinsa.

Malamin aji: Ranka ya daɗe, wa ya tsayar da wannan? Ni ban janye komai ba.