Na'urar sikanin ta daina ajiye takardu bayan sauya sabar

Mai kula da kwamfutoci: Assalamu alaikum. Mun kwashe fayilolin ofishinmu daga tsohuwar sabar (kwamfutar da ke ajiye mana su) mai Windows Server 2012 R2 zuwa sabuwa mai Windows Server 2022, kuma duk kwamfutocin ma'aikata suna buɗe foldar da muke rabawa lafiya lau, amma na'urar sikanin takardu ta daina ajiye komai a cikinta, sai ta nuna kuskuren haɗi. Ina ya kamata in fara dubawa?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara shiga saitin na'urar, domin sau da yawa tsohon adireshin IP, wato lambar da ake gane sabar da ita a kan hanyar sadarwa, ne ke rubuce a wurin da ake tura takardu, ko kuma asusun da take amfani da shi bai samu izinin rubutu a sabuwar foldar ba.

Injiniya: Idan adireshin daidai ne, ina kyautata zaton SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, ce matsalar. Tsofaffin na'urori da dama ba su san wata hanyar ba, alhali Windows Server 2022 ba ta zuwa da ita a kunne. Ban ba ka shawarar kunna ta ba, domin ta wannan ƙofar muguwar manhajar WannaCry, mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, ta bazu a 2017. Ka sabunta manhajar cikin na'urar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko ka mayar da ita tana turawa ta imel.

Mai kula da kwamfutoci: Na gode, Injiniya. Adireshin daidai yake, don haka zan nemi sabuntawar gobe da safe kafin ma'aikata su iso.